Dawanau biyu ce, kuma Yayana ya san dukansu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in sauke abin da ya tokare mini ƙirji tun ranar Talatar da ta wuce.

Ni malamar firamare ce a wani ƙauye cikin ƙaramar hukumar Ringim. Ran nan an fita tara, ina zaune a gindin darbejiya ina duba littattafan 'yan aji huɗu, sai ga a-kori-kura ta wuce ta bakin makaranta. A bayanta wani saurayi ne ɗaure hannu da ƙafa da igiya, ƙarti uku sun danne shi. Yara suka bar layin mai awara suka bi motar suna ihu. Na san yaron, ni na koyar da ƙanwarsa. Da na tambaya aka ce gidan mari za a kai shi, wai ya fi shekara ba ya fita ba ya magana, sai shekaranjiya ya tashi ya farfasa randunan gidansu. Shekara guda mutum yana ɗaki, ba wanda ya ce a tashi a nema masa magani, sai da randa ta fashe aka nemo mota.

Jikina ya mutu ne saboda saura ƙiris da yayana aka ɗora a bayan irin wannan motar. Ya ba ni izini in ba da labarinsa, da sharaɗin kada in faɗi sunansa ko na ƙauyenmu. Shi ya sa ni ma zan sakaya nawa.

Yaya shi ne ɗan fari a ɗakinmu, mu bakwai ne, kuma tun da Baba ya rasu gidan ya dawo wuyansa. Yana noman shinkafa a fadama, gero da riɗi a tudu. In kaka ta yi, shi yake tattara buhunan riɗin mutanen unguwa ya kai kasuwar Dawanau, ya dawo da kuɗin kowa a ƙulle a leda, da suna a jiki. Mutum ne mai barkwanci, majalisar mai shayi ba ta tashi sai ya zo ya tsokani kowa. A daminar 2022 ya ci bashi ya ƙara gona, ya zuba taki, yana lissafin in Allah ya kai mu girbi zai aurar da autarmu ya yi wa ɗakin Inna rufin kwano. Sai ruwa ya zo. Duk wanda yake Ringim ko Taura ko Auyo ko Kafin Hausa ko Haɗeja a wannan shekarar ba ya bukatar in ba shi labari. Shinkafar ta fara fitar da kai ke nan. Da idona na ga kwalekwale yana wucewa ta kan gonar Yaya.

Abin da ya ruɗe mu shi ne ba shi kaɗai ya yi asara ba. Maƙwabta sun yi kukansu sun share hawaye, rani na kamawa suka ja injin ban ruwa suka koma fadama. Yaya bai koma ba. Da farko majalisa ya daina zuwa. Sai ya zama tuwo yana kwana a ɗakinsa ba a taɓa ba. Matarsa ta ce mini tun ƙarfe biyun dare yake farkawa, ya zauna a bakin gado har a kira assalatu, ba carbi yake ja ba, ba rediyo yake ji ba, ido kawai ya zuba wa bango. Wandonsa ya koma sai da ƙarin ƙulli. Ɗansa na goye da yake rarrafowa ya kama ƙafarsa, sai ya ɗauke kai. Lokacin canjin kuɗi a farkon 2023, masu bashi suka yi ta sallama a ƙofar gida, shi kuwa in ya ji sallama sai ya ce a ce ba ya nan, mutumin da a da ko almajiri ne ya yi sallama da kansa yake fita.

Malam Edita, ka san gidan Bahaushe. Inna ba ta taɓa faɗin sunan Yaya ba tun da ta haife shi, sai dai ta ce "wancan" ko "yaron nan". Alkunyar ɗan fari ba za ta bar ta ta shiga ɗakinsa ta zauna ta ce ɗana me yake damunka ba. Sai dai ta dama kunu ta ba jika ya kai masa, in an dawo da kwanon cike ta juya baya ta goge ido da gefen mayafi. Matarsa yarinya ce, ita a zatonta laifi ta yi masa, ko kuma wata ce a waje ta shiga tsakaninsu. Baffanmu yakan zo ya tsaya a zaure ya ce namiji ba ya haka, kowa ya yi asara, ya tashi ya kama sana'a. Abokai kuwa sun zo sau biyu sau uku, da suka ga ba ya sakin jiki suka ɗauke ƙafa. Kunya ta rufe ƙofar uwa, tsoro ya rufe ta mata, girma ya rufe ta baffa. Ƙofar da ta rage a buɗe ita ce ta wanda kuka sha nono ɗaya, wanda ya san ka tun kana yawo ba wando. Na daɗe ban gane cewa ni ce a bakin wannan ƙofar ba.

Ba zama muka yi ba, kada a ce ba mu yi komai ba. Sau uku ana kai shi asibitin sha-ka-tafi, sau uku ana cewa zazzaɓin cizon sauro ne da taifod, a yi allura a ƙara ruwa a sallamo shi. Ba wanda ya tambaye shi yadda yake barci. An yi rubutu ya sha, an yi ruƙiyya, an yi hayaƙi har labulen ɗakin ya canja kala. Wani mai duba da aka kai wa tunkiyar Inna ya ce jifa ne, kuma wai daga abokin cinikinsa na riɗi ya fito, mutumin da suka tashi tare tun suna makarantar allo. Har yau gaisuwar gidajen nan biyu ba ta koma yadda take ba. Wani kuma ya kawo masa ƙwaya daga kemis wai ta sa kuzari, Allah ya sa matarsa ta gani ta kawo mini, muka jefa a masai.

Ni kuma nawa kuskuren wa'azi ne. Da yake ni ce mai ɗan karatu a gidan, sai in je in tsuguna in gaishe shi, in fara: Yaya a yi tawakkali, Yaya arziki na Allah ne, Yaya dubi wane da ya rasa gida ɗungurungum. Ran nan cikin azumi, bayan la'asar, ina cikin wannan karatun ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ke ma kina ganin imanin ne ba ni da shi?" Bai ƙara ko kalma ba. Mutumin nan bai sha azumi ko ɗaya ba, bai bar salla ba. Na taho gida ina tafe ina kuka, domin na gane wata shida ke nan ina ɗora masa laifi a kan ciwo.

Daga ranar na rufe bakina. Na nemi izinin maigidana, duk Juma'a in an taso daga masallaci sai in dama fura in tafi, in ɗauki ƙwaryar gyaɗa in zauna a ƙofar ɗakinsa ina ɓara. Ba nasiha, ba tambaya. Wata rana in ba shi labarin shirmen 'yan ajinmu, wata rana mu yi shiru har magariba. A Juma'a ta uku ya miƙo hannu ya ɗebi gyaɗar ya taya ni. A ta biyar ya yi magana. Ya ce ji yake kamar an kifa masa tukunya a ka, yana jin muryoyinmu daga nesa. Ya ce abinci ba shi da ɗanɗano a bakinsa. Ya ce ya ci amanar Baba. Sannan ya ce, a hankali, "Da ba na nan ai da kun huta."

Gabana ya faɗi, harshena ya yi nauyi. Ƙanwa ce ni, shekara tara ya ba ni, ban taɓa yi masa tambayar da ta wuce ina kwana ba. Amma na daure na ce, "Yaya, kana tunanin kashe kanka ne?" Ya daɗe bai amsa ba, sannan ya ce tunanin yana zuwa masa da dare, yana korarsa da a'uziyya, yana dawowa. Na daɗe ina zargin kaina ko tambayar ta yi tsauri, sai daga baya likita ya gaya mini daidai na yi, tambaya ba ta dasa wa mutum wannan tunanin, sauƙi ma take kawo masa don ya samu wanda ya faɗa wa. Shi ma Yayan ya ce daren nan ne ya fara jin ba shi kaɗai ba ne a cikin tukunyar. A daren muka kwashe duk magungunan feshin gona da ke gidan ni da matarsa muka kai gidana, ƙanenmu kuma ya dawo da shimfiɗarsa zaure, ba a sake barin Yaya shi kaɗai ba.

Sai maganar asibiti, a nan aka yi ta. A wajenmu kalmar Dawanau ma'ana biyu gare ta. Akwai kasuwar hatsi, wadda zuwa cikinta alamar rufin asiri ce. Akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa da ke can, wanda sunansa ya zama zagi a bakin yara da manya, in mutum ya yi wauta a ce wannan sai Dawanau. Da na furta, Yaya ya yi wata dariya mara daɗi ya ce, "Ni da nake kai riɗi Dawanau, yau ni za a kai?" Yana tsoron dillalan da suka san shi su gan shi. Yana tsoron a ce gidanmu akwai hauka, a fasa auren auta. Wannan tsoron ba na banza ba ne, mun ga inda aka fasa. Baffa kuwa da ya ji, sai ya ce in dai fita za a yi da shi, akwai wani malami mai gidan mari da ya sani, wata uku ya isa.

Wasu sun ba ni shawara in yaudare shi, in ce biki za mu Kano. Na ƙi. Mutumin da ya yarda ya buɗe mini cikinsa bayan wata da watanni, in na yi masa ƙarya sau ɗaya wa zai sake faɗa wa gaskiya? Abin da na ce masa shi ne, "Yaya, mu je a duba rashin barcin nan da rashin cin abincin. In likita ya faɗi abin da bai kwanta maka ba, mu juyo, ni da kaina zan biya kuɗin motar dawowa." Sannan na je na sami limaminmu, Allah ya saka masa da alheri. Shi ya zo ya zauna da Yaya da Baffa a zaure, ya karanto musu hadisin da ke cewa Allah bai saukar da wata cuta ba face ya saukar mata da magani. Ya tuna musu Annabi Yaƙubu, wanda idanunsa suka yi fari saboda baƙin cikin rabuwa da Annabi Yusufu, ya ce wa zai buɗe baki ya ce wannan bawan Allah imani ne ya gaza masa? Ya ce a ci gaba da addu'a, a kuma je asibiti, su biyun ba kishiyoyi ba ne. Baffa ya yi shiru. Ban ce ya gamsu ba, amma bai sake ambaton mari ba.

Bayan babbar sallar 2023 muka tafi, ni da shi da ƙanenmu. Lokacin an cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500, kuɗin mota ya bi ta. Kwasar adashina ce ta kai mu. Yaya ya ja hula har gira, yana ta kallon ƙasa kada ya haɗa ido da wanda ya sani. Da muka zauna a layi na ga yana satar kallon mutane. Ga wata mai jego da jaririnta da uwarta, ga wani dattijo da carbi da farin gemu, ga matashi da jakar makaranta, ga wani da gani ka san ma'aikaci ne. Akwai waɗanda ciwon ya yi wa nisa, ba zan ɓoye ba, amma yawancin mutanen da ke kan bencin nan in ka gamu da su a kasuwa ba abin da zai nuna maka. Yaya ya matso ya ce mini a kunne, "Ashe mutane ne."

Likitan ya ba shi lokaci. Ya tambaye shi barci, cin abinci, tun yaushe, ko yana shan wani abu, ko yana jin muryoyin da wasu ba sa ji, ko a dangi an taɓa yin irin wannan. Daga ƙarshe ya ce ciwon damuwa ne, mai tsanani, kuma ana warkewa. Ya ce baƙin ciki bayan asara kowa yana yi, amma in ya wuce mako biyu kullum ba sassauci, ya hana barci da ci da aiki, mutum ya fara ganin kansa ba shi da amfani, to ya zama ciwo, kamar hawan jini ko ciwon suga. Ba a kwantar da shi ba, ba a ɗaure shi ba. Magani aka rubuta, ƙwaya ɗaya da dare, aka ce a hannun wani za ta zauna ba a hannunsa ba, aka ba mu ranar dawowa.

Ga abin da nake so 'yan'uwa su riƙe, don a nan muka kusa zubar da komai. Maganin nan ba irin na ciwon kai ba ne da za ka sha ka ji sauƙi kafin la'asar. Yana ɗaukar makonni kafin a ga aikinsa, wahalarsa kuwa tun daren farko take zuwa: baki ya bushe, jiki ya yi nauyi da safe. A mako na biyu Yaya ya ce ba ya yi, a bar shi. Na ce likita ya faɗa mana haka za a yi, a ƙara haƙuri. Wajen mako na biyar matarsa ta aiko yaro da gudu wai in zo. Na taho hankalina a tashe, ashe cewa ya yi a ƙara masa tuwo, kuma miyar kukar gishiri ya yi mata kaɗan. Inna da ta ji ta shige ɗaki, muka jiyo ta tana hamdala. Bayan wata uku da ya ji ƙarfi sai ya daina sha bai gaya wa kowa ba, ni ma na saki jiki na daina bibiya. Ba a yi wata biyu ba ya koma bakin gado. Da muka koma aka ja mana kunne cewa ko mutum ya ji ya warke sai ya ci gaba aƙalla wata shida, kuma likita ne zai rage masa a hankali.

Magani kuma ba ya biyan bashi. Mu shida muka zauna, muka je wurin mai unguwa ya tara masu bin Yaya, aka rubuta na kowa, aka raba biya kaka uku. Biyu daga cikinsu suka yafe rabi. Da sallama ta daina zama abin tsoro a gidan, rabin nauyin ya sauka. Ni ma sai da na koyi raba ɗawainiya, domin akwai lokacin da na gaji har na fara jin haushinsa, ina dawowa gida ina huce wa 'ya'yana. Ƙanenmu ya karɓi rakiya asibiti, yayarmu mace ta karɓi sayen magani, ni na riƙe Juma'ata da gyaɗata.

Yanzu ga kukana ga hukuma. A 2019 duk mun ji yadda 'yan sanda suka fito da ɗaruruwan mutane daga gidajen mari a Rigasa ta Kaduna da Daura, wasu da sarƙa a ƙafa da tabon bulala a baya. An rufe wasu gidajen, amma iyaye ba su daina nema ba, domin ba a ba su wani wurin a kusa ba. A watan Janairun 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958 da muka gada daga Turawan mulki, ta kuma ba mai wannan lalura haƙƙin a yi masa magani cikin mutunci. A ƙauyenmu ban san mutum uku da suka ji labarinta ba. Tun 1991 aka rubuta a manufar lafiya ta ƙasa cewa kula da ƙwaƙwalwa yana cikin aikin ƙananan asibitoci, amma je ka sha-ka-tafi ka ce ba ka barci ka ga abin da za a ba ka. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, don haka ba na mafarkin a turo mana ɗaya Ringim ya zauna a ƙauye. Abin da nake roƙo bai kai nan ba: a koya wa malaman asibitin da muke da su tambayoyin nan da aka yi wa Yaya, a ajiye maganin a kusa, likita ya riƙa zagayowa ko sau ɗaya a wata. Jigawa tana da asibitin ƙwaƙwalwa a Kazaure, Kano tana da Dawanau da sashen da ke Asibitin Malam Aminu Kano, amma talaka da yawa kuɗin motar komawa ne yake raba shi da magani. Limamai kuma su taimaka da huɗuba, maganarsu tana shiga inda tawa ba ta shiga. Ku ma 'yan jarida, don Allah a rage buga hoton bayin Allah a kan bola ana rubuta mahaukaci a ƙasa.

Yaya ya koma fadama. Bana ma shi ya kai riɗin unguwa, ya ce da ya sauke kaya ya karɓi kuɗi sai ya tsallaka ya ga likitansa, Dawanau biyu a tafiya ɗaya, kuɗin mota ɗaya. Barkwancin ya dawo, ko da yake akwai ranakun da nake ganin gajimaren a fuskarsa, in na gani kuwa ba na jiran Juma'a.

Jiya da yamma na je na sami ƙanwar yaron nan da aka wuce da shi. Ta ce ita take kai masa abinci duk tsawon shekarar, kuma yakan yi mata magana jefi-jefi, amma ba wanda ya tambaye ta. Gobe in Allah ya kai mu za mu je wurin mahaifinsu tare da liman, mu roƙe shi a kwanto yaron. Yaya ya ce zai bi mu, in kuma sun yarda shi zai raka su, tun da ya san hanya ya san inda ake yankar kati.

Wassalam.

Taku,
Wata malamar firamare,
Ƙaramar hukumar Ringim, Jihar Jigawa.